Abin da Kumandan Illo Ya Bar Mana a Filin Jirgin Yamai

Jawabin da Lawali Oumarou, matuƙin jirgin sama, ya yi a madadin abokan aikinsa ranar sadakar arba'in ta marigayi Kumandan Illo Garba, a rumfar jirage ta filin jirgin Yamai, shekarar 1969.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin ministan sufuri. Shugaban kamfaninmu da manyan ma'aikatansa. Limamin Yantala da malaman da suka sauke mana Alƙur'ani da safen nan. Inna Indo, mahaifiyar marigayi. Hajiya Halimatou, uwargidansa, da ƴaƴansa Zeinabu da Sani. Dangi da suka taso daga Madawa. Matuƙa, da makanikai, da masu rediyo, da masu lodin kaya. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Ƴan uwanmu Zabarmawa na Lamorde da kuka ƙetaro kogi cikin kwalekwale, fofo, sannunku da ɗawainiya.

Abokan aikina ne suka ce in yi magana. Na ce musu akwai waɗanda suka girme ni. Harouna, wanda muka fara koyon tuƙi tare, ya ce ai kullum ni ke cika musu kunne a rediyo, yau sai surutun ya yi amfani. To, ba zan faɗi komai ba sai abin da muka gani da idonmu.

Lokacin da ƙasarmu ta samu mulkin kai, kamfaninmu yana da tsofaffin jirage masu injin biyu da aka sayo na hannu, kuma duk wanda ke zaune a gabansu Bature ne, in ban da mutum ɗaya. Illo Garba ɗan Madawa ne. Daga lakwal, wato makaranta, sojan Faransa suka ɗauke shi zuwa Dakar gyaran injin jirgi, can ya nace har aka koya masa tuƙi. An yi masa tayin zama can, ya ce gida yake so. Da ya dawo, bai tsaya jin daɗin zama shi kaɗai ba. Da ƙafarsa ya je lakwal ɗinmu nan Yamai, ya tsaya gaban allo da hularsa a hammata, ya ce, "Wa ke son ya ga garinsu daga sama?" Mu biyar muka bi shi.

Ranar da ya fara hawa da ni, ko kogi ba mu gama ƙetarewa ba na amayar da duk abin da ke cikina. Da muka sauka na tabbata korata zai yi. Sai ya miƙo mini buta ya ce, "Lawali, kai ne ba ka so, ko cikinka ne?" Na ce, "Cikina ne, Kumandan." Ya ce, "To, ciki yana koyo. Gobe ka dawo, amma ka rage fura."

Ya kasance malami mai haƙuri da jahilci, marar haƙuri da ganganci. Littattafan tuƙi duk da Faransanci suke, Faransancin ma irin wanda ba a koya mana a lakwal ba. Sai ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin fiffiken jirgi, ya warware mana su da Hausa, ya juya ya maimaita wa Harouna da Zabarmanci. Kafin ya bar mu mu taɓa sitiyari, sai da muka yi watanni a hannun makanikai, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Ya ce wanda zai danƙa ransa ga inji, ya kamata su san juna tun a ƙasa.

Amma abin da ya fi ba shi wahala da mu ba lissafi ba ne, ba Faransanci ba ne. Tarbiyyar gidajenmu ce. An raine mu a kan yaro ba ya gyara wa babba magana, ba ya ma kallon idonsa. Kumandan Illo ya ce wannan ladabin, mai kyau ne a zaure, amma a gaban jirgi kisa yake yi. Wata rana suna gangarowa Tawa shi da Harouna, da gangan ya ƙi sakin ƙafafun jirgi, ya yi kamar ya manta. Harouna ya gani. Can ya gyara murya ya ce, "Kumandan, Allah ya ba ka nasara, ka yi mini gafara, ba wai na fi ka sani ba ne, amma in ba za ka ji haushi ba, ina ganin kamar..." Kumandan ya ƙara wuta, jirgi ya koma sama, ya dube shi ya ce, "Harouna, kafin ka gama gaishe ni an yi mana salla. Ka ce: Ƙafa! Shi ke nan." Ya sa shi ya yi ta faɗinta da ƙarfi har suka sauka. Kuna jin matuƙa suna dariya. Har yau in muka haɗu da Harouna, da wannan kalma muke gaishe shi. Amma tun daga ranar babu ɗayanmu da ya sake haɗiye magana a sama, kuma Allah kaɗai ya san rayukan da hakan ya tsare.

Ya kasance mutumin da ba ya cin abin da yaransa ba su ci ba. Mai girma wakilin minista, ka yi mini izini in faɗi yadda aikin yake a wancan lokaci, don wanda bai san shi ba ba zai gane girman abin da mamacin nan ya yi ba. In muka kwana Agadas, Turawan jirgi kampama ake kai su, wato masaukin baƙi, ɗaki da gado da fanka. Mu mataimaka ƴan ƙasa sai tabarma a ɗakin mai rediyo. Shi Kumandan, da yake yana da galonsa na muƙami a kafaɗa, an ba shi ɗaki a kampama. Bai taɓa kwana ciki ba. Tabarmarsa yake naɗowa ya zo cikinmu. Ranar hutu kuwa babu ita a rubuce. In aiki ya yi yawa, ka sauka yau, gobe da sassafe ka tashi, jibi haka.

A lokacin aikin hajji na wata shekara abin ya kai maƙura. Kamfani ya karɓi jigilar maniyyata a kan aikin da muka saba, ba a ƙara matuƙi ko ɗaya ba. Ɗan uwanmu Mahamadou, ƙaramin cikinmu, yana tsakanin Agadas da Damagaram barci ya sace shi a kan sitiyari. Jirgi ya kauce hanya, da ƙyar man ya kai su. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Suna dawowa Yamai aka kore shi. A biro kuma, wato ofishin kamfani, muka ji ana cewa dama an faɗa, wannan aiki ba na baƙar fata ba ne.

Washegari ni ne mataimakin Kumandan. Fasinja sun shiga, an rufe wurin kaya. Ya zo cikin kakinsa tsaf, ya tsaya gindin tsani, ya ƙi hawa. Baturen da ke riƙe da biro a lokacin, wanda ya daɗe da barin ƙasar nan, ya fito da sauri ya ce, "Kumandan, me ya lalace a jirgin?"

Ya ce, "Jirgi lafiyarsa lau. Mutanen ne suka lalace. Dubi idon Lawali."

Baturen ya ce, "Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

Ya ce, "Na sani. Amma ba ni ɗaukar iyayen mutane in hau sama da yaron da bai yi barci ba. A ba su hutu, a mai da Mahamadou, sai in tashi."

Sannan ya hau, ba don ya tuƙa ba. Ya tsaya tsakiyar fasinja ya cire hula, ya gaya musu gaskiyar abin da ke faruwa, ya roƙe su gafara. Wasu suka yi ta faɗa, kuma suna da hujja. Wani dattijo maniyyaci daga Dogon Dutsi ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, Makka ba ta gudu. Ku je ku kwanta."

Abin da aka ce zai jawo masa, ya jawo masa. Aka cire shi daga koyarwa, aka cire shi daga jirgin fasinja, aka mai da shi jigilar nama da fatu zuwa bakin teku. Muƙamin babban matuƙi da aka yi masa alkawari aka ba wani. Gidan kamfani da yake ciki a unguwar Filato aka karɓe.

Hajiya Halimatou, a nan maganar ta zo kanki. Ke kika kwashe kaya daga gida mai famfo da lantarki zuwa ɗaki biyu a Yantala, kina goye da Sani. Mun zo taya ki, kanmu a sunkuye, don mun san saboda mu ne. Kika dube mu kika ce, "Ku da kuke tuƙa jirgi, gado ɗaya ya gagare ku ɗauka?" Ba mu taɓa jin kin yi masa gori ba. Kowace Juma'a kuma tukunyarki ba ta fasa ciyar da mu ba, gidan ya ƙanƙance amma kwanon bai ragu ba. Abin da Kumandan yake binmu na godiya, rabi naki ne.

Kusan shekara biyu yana jigilar nama. In muka tarar da shi yana wanke hannu bayan an sauke kaya, muka fara ƙorafi, sai ya ce, "Shanun nan ba su taɓa cewa na makara ba. Ku kawo littafinku in gani." A nan bakin famfo ya ci gaba da koya mana, ba da umarnin kowa ba. Ana haka sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ta kai magana gaban ma'aikatar sufuri, aka kafa kwamiti. Kuma gaskiya ta sa in ambaci wani Bature, tsohon kumandan da ke tare da Mahamadou a wancan jirgi. Ya tashi gaban kwamiti ya ce ranar shi ma gyangyaɗi yake yi, gajiyar ɗaya ce, yaron kawai aka hukunta. Daga nan aka rubuta dokar hutu da muke aiki da ita yau, aka ce ma'aikatan jirgi ɗaya masauki ɗaya, aka mai da Mahamadou, aka mai da Kumandan koyarwa. Muƙamin dai bai dawo ba, bai kuma nema ba. In kun duba ba ku ga Mahamadou a nan ba, shi ya tafi da jirgin Agadas da safen nan, kuma shi ne kumandansa. Ya so ya nemi canji, muka ce masa mai wannan taron ba zai yarda a bar fasinja a ƙasa saboda shi ba.

Ya kasance mai riƙe kansa da dokar da ya riƙe wasu da ita. Bara ya fara jin nauyi a ƙirji in ya hau tsani. Ba wanda ya sani, kuma da ya yi shiru da ya ƙara shekaru a sama. Da kansa ya je wurin likita, da kansa ya zo biro ya ajiye takardar tuƙinsa, ya koma koyarwa a aji. Mun san abin da ya ji, don in jirgi ya tashi yana cikin aji, sai ya dakata da magana har ƙarar ta ɓace, sannan ya ci gaba. A wannan aji ya yaye samari bakwai, ga su can tsaye a baya, kafin ciwon ya kwantar da shi.

Zeinabu, Sani, za ku girma ku ji ana cewa babanku matuƙi ne. Gaskiya ne, amma bai tsaya nan ba. Duk ɗan ƙasar nan da kuka gani a gaban jirgin kamfaninmu, ta hannunsa ya bi. Gidajenmu gidajenku ne, kuma ba a bakin taro kawai muke faɗi ba.

Inna Indo, ki yafe mini, zan ba da labarinki. Jama'a, shekara da shekaru Kumandan yana roƙon mahaifiyarsa ta shiga jirgi, tana cewa ita Allah a ƙasa ya ajiye ta. Rasuwar ta zo ba ta samu jana'iza ba. Da arba'in ta matso, ƙafa ba ta ɗaukar doguwar hanyar mota, sai ta aiko cewa a kai ta Tawa, za ta shiga jirgi. Ni Allah ya ba tuƙin, Harouna yana gefena. Da muka daidaita a sama, ta sa aka riƙo hannunta har gaban jirgi. Ta ce, "Ina yake zama?" Na ba Harouna tuƙi, na tashi daga kujerar hagu na nuna mata. Ta dafa kujerar, ta leƙa ta gilashi, ta daɗe tana kallon ƙasa shimfiɗe har iyakar gani. Sannan ta ce, "Ashe nan yake wuni. Da na sani, da na zo ya nuna mini da kansa." Ta juyo ta dafa kaina, ta dafa kan Harouna, ta ce, "Zauna, ɗana. Ku kai mutane gida."

Inna, mun zauna, kuma in Allah ya yarda za mu kai su.

Muna godiya ga hukuma da shugabannin kamfani da suka ba mu wannan rumfa, da malamai, da makanikan da suka share ta suka shimfiɗa tabarmi, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo.

Ya Allah, bawanka Illo ɗan Garba ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa aljanna ce makomarsa. Ka saka masa da alheri a kan kowane rai da ya sauke lafiya. Ka ba mahaifiyarsa da iyalinsa haƙuri, ka raya ƴaƴansa cikin albarka. Ka tsare na sama da na ƙasa, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Malam liman, bismilla, a yi mana fatiha.