Aljihun Hagu

A tashar Jega ana jiran motar Aliero ta cika. Wata budurwa ta ƙura wa abayar wata hajiya ido.

"Ta yi miki kyau, Hajiya."

"'Yar Dubai ce, ɗiyata. Ga tambarin a wuya. Telolinmu ba su iya wannan ba."

"Wayarki za ta faɗi. Sa ta aljihun ciki, na hagu."

Hajiya ta laluba, ta ji aljihu.

"Ya aka yi kika sani?"

"Ni na zana ta, na ɗinka, a Maiyama."

"To ina sunanki a jikinta?"

Budurwar ta sunkuyar da kai. "Da sunana ta daɗe rataye a shago, ba mai taya ta. Sai na cire shi, na sa tambarin Dubai."

Hajiya ta kau da kai. "Na gan ta lokacin, ban taya ba."