Munafukar da Ta Wanke Ni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro kuma shugaban ƙungiyar direbobinmu ta Garwa, Alhaji Brahim. Mai girma wakilin sufurefe, shugaban gundumarmu. Wakilin Mai Martaba Lamiɗo. Sarkin Hausawa da mutanensa. Limamai da fastocin da suka amsa gayyata. Jami'an jandarma, waɗanda yau muka zauna da su inuwa ɗaya ba wanda ya ce a fito da takardu. Iyayenmu masu motoci, maza da mata. 'Yan uwana direbobi na Ngawundere da Meiganga da Tignère, da waɗanda suka taso tun daga Kuseri. Jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Ɗanmalam, haifaffen unguwar Hausare, shekara ashirin da shida ina riƙe da sitiyari. Ku yi mini haƙuri zan yi magana da Hausa, domin Fulatancina na ciniki ne, Faransancina kuwa na shingen hanya ne, godiya irin ta yau ba za ta fito da su yadda nake so ba.

Ina gode wa Allah da ya tsayar da ni a gabanku da ƙafafuna, ya kuma tsayar da ni da sunana. Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama. Amma godiyar ba za ta fahimtu ba sai na faɗi abin da ya faru, domin da yawanku kun ji rabinsa a tasha, kuma rabin da kuka ji shi ne mummunan.

Ni direban Hadje Kaltouma ne, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ga ta nan zaune a sahun gaba. Kafin ita mijinta marigayi na tuƙa shekara goma sha tara, ni na kai shi asibiti tafiyarsa ta ƙarshe. Bara ta sayi sabuwar mota, ta sa aka ɗaura wata 'yar kyamara a bayan madubi, mai kallon hanya, mai ɗaukar hoto da murya ko mota tana tafiya ko tana tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Hadje, bayan duk shekarun nan, yanzu ne za a sa mini mai gadi?" Ta ce, "Ɗanmalam, ba don kai ba ne, don hanya ne." Ban yarda ba. Na raɗa wa kyamarar suna munafuka. Tana da wata 'yar jar fitila mai ƙyafta mini ido, sai na sayo takardar addu'ar tafiya mai danƙo, irin wadda ake sayarwa a ƙofar masallacin Juma'a, na liƙe bayanta da ita, na rataya carbina a kai. Idonta na kallon hanya, ni kuma na huta da ganin fuskarta.

A watan Maris birki ya fara kuka. Motar tana cikin garanti, saboda haka dole a kai ta garejin kamfanin da ya sayar da ita. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, magana tana gaban shari'a. Kun san tsarin irin waɗannan wurare: direba ba ya shiga inda ake aiki, ɗaki mai sanyi ake zaunar da shi a ba shi kofi. Da yamma shef, wato shugaban garejin, ana ce masa Hubert, ya kawo mini takarda cewa an sa plaket sababbi, wato fatun da ke kama taya in an taka birki. Na sa hannu, har na ce masa mersi.

Kwana huɗu bayan haka muna dawowa daga Ngawundere da rana tsaka, ni da Hadje. Duk direban da ke nan ya san gangaren dutsen nan da ake kira falez, ba sai na kwatanta masa ba. A kwana ta uku na taka birki, ƙafata ta tafi, mota ba ta ji ba. A gabanmu babbar motar shanu, a hagu rami. Na sauke giya, na sake saukewa, na jingina gefen motar da jikin dutse muka yi ta gurza har ta tsaya. Allah ya kiyaye rai, amma hannun Hadje ya karye.

Aka jawo motar zuwa kamfani, aka kwance tayoyi, sai ga plaket tsofaffi, sun cinye saura ƙarfe. Hubert ya ɗaga takardar ya ce, "Mu sababbi muka sa, ga sa hannun direba. Abin da ya faru bayan mota ta fita ƙofarmu, shi za a tambaya." Ma'anarsa a fili take: na kwance sababbin na sayar, na mayar da tsofaffi. Hadje, da hannu a ɗaure da zafin ciwo, ta karɓi makulli a ƙofar shagonta, a gaban 'yan kasuwa, ta ce, "Ka sayar da birkina, da ni a cikin motar. Ashe ɓarawo muke ajiye da shi."

Jama'a, dokar ƙungiyarmu ba ɓoyayya ba ce, da hannuna a cikin kafa ta: direban da ya saci kayan mota a karɓe katinsa, kuma wanda aka karɓe wa kati ba mai ba shi makulli daga nan har Kuseri. Shugaba ya ba ni mako biyu in kawo hujja. Rashin aiki bai ci mini rai kamar sunan ba. Na daina zama majalisa. Mutanen da muke doguwar gaisuwa da su suka koma ɗaga hannu daga nesa. Na ji kunya, na ji tsoro, kuma ba ni da shaida ko ɗaya, domin a ɗaki mai sanyi nake lokacin da ake aikin.

Ranar kwana na goma sha ɗaya cikin mako biyun nan, da safe, ina zaune koko ya huce a gabana, maiɗakina Aisatu, wadda ta shekara tana jin ƙorafina a kan kyamarar nan, ta dube ni ta ce, "Malam, ita munafukar taka, yau ne ta rasa baki?"

Wallahi ban tuna da ita ba sai a lokacin. Na tafi wurin shugaba, shugaba ya tafi wurin Hadje, aka ɗauko hushiye, wato jami'in da ke rubuta shaida don kotu, Maître Émile, domin kada a ce mun taɓa wani abu. A gabansa aka zare ɗan memorin. Da yake tun a falez aka cire batirin motar, ba abin da ya goge.

Ga abin da muka gani. An tsayar da motar tana fuskantar teburin aiki. Hubert ya leƙo ta gilashi, ya ga wayar lantarki a bayan madubi, ya ce wa bakanikensa Mahamat ya cire abin can, domin ashe al'adarsu ce su kashe kowace kyamara kafin su fara. Mahamat ya shiga motar, muna jin numfashinsa. Sai ya ce, "Shef, ba kyamara ba ce, rediyon addu'a ce, irin mai karanta addu'ar tafiya in an tayar da mota. Ga rubutun Larabci a jiki, ga carbi. Ni ba ni da alwala, ba zan taɓa ba." Hubert ya ce to a ƙyale ta. Daga nan muka ga an kawo tsofaffin plaket kan tebur, an goge su da burushin ƙarfe, an fesa musu baƙin fenti, an bar su sun sha iska. Kwalin sababbin kuma muka ga ya shiga wata jaka ko buɗe shi ba a yi ba.

Na ga kuna dariya, ni ma na yi a ranar, har da hawaye. Amma da na koma gida dariyar ta tsaya. Mutum ya ji tsoron taɓa takarda mai sunan Allah ba alwala, bai ji tsoron tura rayuka biyu gangaren falez ba birki ba. Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce wannan halin 'yan kudu ne ko na 'yan arewa, na masu coci ko na masu masallaci: ɗaya Hubert, ɗaya Mahamat, tebur ɗaya suka yi aikin.

Saboda haka ina da roƙo uku.

Na farko gare ku 'yan uwana direbobi. Ku sa kyamara, kuma kada ku ɗauke ta abokiyar gaba kamar yadda na yi. Direba shi ne wanda ba ya ɗakin da ake yanke magana, kuma shi ne wanda laifi ke faɗowa kansa in magana ta lalace. Kamfani yana da takarda, yana da hatimi, yana da lauya. Kai ba ka da komai sai rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta shiga fayil. In kun kai mota gyara, ku ce a rubuta a takardar shiga cewa kyamara tana kunne kuma ba a yarda a cire ta ba, domin ba kullum za ku dace da bakanike marar alwala ba. Ku nemi a ba ku tsofaffin kayan da aka cire ku riƙe a hannu. In wani abu ya faru a hanya, a kashe kyamarar nan take, don kada sabon hoto ya hau kan tsohon.

Na biyu gare ku masu motoci. Kafin ku yanke wa direba hukunci, ku duba abin da kuka sa da kanku.

Na uku ga kanikawa, kuma na san da yawa a cikinku mutanen kirki ne, da hannayenku muke yawo. Wanda ya ɗaure taya yana cikin motar ko da bai shiga ba. Ku ji tsoron Allah a kan birki.

Yanzu godiya. Na gode wa shugaba Alhaji Brahim, da bai karɓi katina a ranar farko ba alhali ana matsa masa. Na gode wa Maître Émile, da ya rubuta abin da ya gani bai rage ba. Na gode wa Aisatu, kuma na yarda a gaban jama'a ta fi ni tunani. Mi yetti, mersi, na gode.

Saura mutum ɗaya. Washegarin ranar da aka kalli hoton, Hadje ta zo gidana da ƙafarta, ta ajiye makulli a kan tabarma ta ce in yafe mata in koma aiki. Ban ɗauka ba. Na ce, "Hadje, a gaban mutane aka kira ni ɓarawo." Ta ɗauki makullinta ta tafi. Wata biyu ke nan ban ba ta amsa ba. Ɗazu kuwa kun gani da idonku, ba wanda ya tilasta mata, ta miƙe a cikin wannan taro ta ce ta zalunce ni, ta kira sunana da na mahaifina. Na san abin da wannan ya ci mata, domin na san ta shekara ashirin da shida. Hadje, kin zarge ni ne bayan kin leƙa ramin falez da idonki, ni ma na leƙa shi, na san abin da yake sa mutum ya faɗa. Na yafe miki duniya da lahira. Ranar Litinin da safe ki sa a buɗe ƙofa, ina zuwa karɓar makulli.

Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kiyaye waɗanda muke ɗauka. Allah ya tsare mu daga zargin da ba mu da shaidarsa, ya tsare harsunanmu daga zargin wasu. Allah ya shiryi masu gyara, ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa da ransa da mutuncinsa.

Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe. Na gode.