Dagi Mai Sifirin

A tashar Daura, ana jiran motar Mashi ta cika, wata mata ta tsura wa ƙarfen da ke hannun wani dattijo ido.

"Baba, wannan ba dagin nan ba ne da ake takawa da ƙafa ya huda ƙasa?"

"Shi ne, 'yar nan. Ni na ƙera shi da sifirin ɗin mota. Tara na sayar, yanzu bi nake ina karɓewa."

"Don me? Ai maigidana ya ce bai taɓa ganin abin haƙa irinsa ba."

"Yana da shi?"

"Ranar kasuwa ya saya. Ƙasar lambunmu ta yi tauri tun farin bara."

"In ya ci karo da dutse, sifirin ɗin karyewa yake yi, ya tashi sama. Shekaranjiya ya cire wa wani ido."

"Innalillahi! Da shi ya fita yau da safe. Lambun namu kuwa duk marmara ce."

"Wane gari kuke?"

"Gaba da Mashi, sai an ƙara tafiyar awa guda a ƙasa."

Dattijon ya miƙe, ya ƙwala wa ɗan kamasho kira.

"Don Allah a tashi motar nan!"

"Saura mutum shida, Baba."