Ƙwayar Zarra a Tashar Sunkani

A tashar Sunkani, Hamna na jiran mota ta cika tana haddar darasin kemistiri, wani dattijo ɗan dako na saurare.

"Furoton ke zagaye ƙwayar zarra," take ta maimaitawa.

"A'a, 'yata, ilektron ke zagayawa. Furoton yana tsakiya tare da nutron."

"Baba, malaminmu ne ya faɗa. Kai ina ka sani?"

"Shekara goma sha tara ina koyar da shi a Turaki, aka sallame ni aka ɗauki ƙanin mai makaranta. Wa ke koya muku?"

"Malam Abdulmumin."

Dattijon ya yi tsaki, ya saɓi buhunsa.

"Shi ne fa. Rubuta yadda ya faɗa, 'yata. Shi ke ba da maki."