Ruwan Sabulu a Birki

A tashar Illela na ji wani bakanike daga ƙarƙashin mota yana magana da wata tsohuwa mai tallar nono daga cikin fasinjojin motar, wadda ya zaunar a kujerar direba.

"Inna, taka birkin nan ki riƙe."

"Ya nutse har ƙasa, ɗan nan, kamar ƙafa cikin laka."

"Man birki ke yoyo. Direbanku ya ce in cika da ruwan sabulu ku tafi."

"Da ruwan sabulu a birki autana Jaje ya gangara garin Badagishiri. Bai iso gida ba."

Bakaniken ya sauya tiyo. Ya zuba man birki.

"Sake takawa, Inna."

"Yanzu ya yi tauri."

"To, saki."

"Bari in ɗan riƙe tukuna, ɗana."