Hoton da Za a Ɗora a Gaban Akwati

Bernard: Halo? Akunna? Na ga ana ta yi mini filashin.

Mama: Wayar maƙwabciya Akunna ce, amma uwarka ce ke magana.

Bernard: Mama! Ina wuni?

Mama: Ɗaga murya, Auta, injin markaɗe na aiki a bayana.

Bernard: Na ce ina wuni! Ina gajiya?

Mama: Lafiya lau, gajiya ta bi jiki. Ya Samaru? Ya aikin makaranta?

Bernard: Mun gode Allah. Ya Sabon Gari? Ya ƙafar?

Mama: Ƙafa tana inda ka bar ta. Ya matarka? Ya Lucia da tarin nan nata?

Bernard: Da sauƙi sosai. Jiya ma ta je makaranta.

Mama: Ba ka dai ba ta ruwan firji ba ko?

Bernard: A'a, Mama. An yi ruwa a wajenku?

Mama: An ɗan yayyafa. Kai, ba hirar ruwa na kira ba. Ɗan acaɓa ya kawo mini ambulan. Hotunan da ka ɗauka a gidana ran Ista. Ga su a cinyata.

Bernard: Yauwa! Kin gani ko? Kyamarar nan sabuwa ce, ba ta cin fim. Ya kika gan su?

Mama: Na sa tabarau na duba, na cire na duba, na fito rana na duba. Auta, da me na ɓata maka rai?

Bernard: Haba Mama, me ya faru?

Mama: Na farko ka yanke mini kai. Ɗankwalin da na tashi tun asuba ina ɗaurawa, rabinsa babu.

Bernard: Da gangan ne, don ido ya tafi kan fuskarki kai tsaye.

Mama: Fuskar da rabinta ke cikin duhu? Gefe ɗaya rana, gefe ɗaya kamar an ɗauke wuta. Kunnena na hagu ma ban gan shi ba.

Bernard: Hasken taga ne. Shi ke ba hoto rai. Idan haske ya mamaye ko'ina sai fuska ta zama kamar faranti.

Mama: Gara faranti mai kunne biyu. To wannan kuma fa? Ni ina can lungu kamar mai laɓe, tsakiyar hoto duk bango ne da bokiti.

Bernard: Yanzu ba a sa mutum a tsakiya, Mama. Ana barin fili, don hoton ya yi numfashi.

Mama: Bangon ne ya haife ka?

Bernard: Mama...

Mama: Ina tambaya ne. Idan shi ya haife ka, sai ka bar masa tsakiyar. Ga wani kuma, hannu ne kawai cikin tire yana tsintar shinkafa. Ba kai, ba wuya. Hannun wa?

Bernard: Naki ne. Hannun da ya raine mu. Duk wanda na nuna wa sai ya yi shiru.

Mama: Dole ya yi shiru, bai san wa zai gaisar ba. Halo? Kana nan?

Bernard: Ina nan, layin ne ke yankewa. Mama, ki duba na ƙarshen. Wanda kike dariya. Wannan ba ki da abin cewa.

Mama: Shi na ajiye don ƙarshe. Baki a wangale, ana ganin gurbin haƙoran da aka cire mini. Ɗankwali ya zame. Ido a rufe kamar wadda ta sha burkutu.

Bernard: Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai shi ba. Na sa an faɗaɗa shi, yana rataye a falona. Abokan aikina masu sha'awar hoto sun zo sun gani, ɗaya har hawaye ya yi, ya ce ya tuna da uwarsa.

Mama: Uwarsa ma haka take ba kamun kai? Ka san abin da nake wa dariya a wurin?

Bernard: Na sani mana. Lokacin da benci ya karye da Fasto.

Mama: Bawan Allah yana ƙasa, ƙafa a sama, miya a rigarsa, ni kuma shugabar Zumuntar Mata ina ɓaɓɓaka dariya. Ni da nake murɗe kunnen yara idan suka yi murmushi a coci. Na roƙi gafara a daren, na ɗauka magana ta wuce. Ashe ka rataye zunubina a falo.

Bernard: Mama, hoton Ista ne kawai. Me ya sa kika ɗauke shi da zafi haka?

Mama: Ka je jana'izar Maman Kehinde?

Bernard: Na je.

Mama: Ka ga hoton da suka ɗora a gaban akwatinta, suka buga a takardar sujada? Daga hoton bikin wani suka yanko ta da almakashi. Ga hannun wani namiji a kafaɗarta, da agogo. Mace mai tsoron Allah, mijinta ya rasu tun zamanin soja. Har aka rufe kabari mata na raɗa, hannun wa ne. Ni ba za a yi mini haka ba. Na ce bari in duba naka ko zan sami na kirki kafin Alhamis, sai na tarar da bokiti.

Bernard: Alhamis? Me za a yi ran Alhamis?

Mama: Me ka ce? Injin nan...

Bernard: Mama, kin ji ni sarai. Me za a yi ran Alhamis?

Mama: Aiki za su yi mini a asibitin Shika. Wani ƙulli ne suka gani a ciki, sun ce sai an cire.

Bernard: Yesu! Tun yaushe? Wa ya kai ki?

Mama: Kar ka kira sunan Ubangiji a banza. Yayarka Rhoda ce ta kai ni. Ni na hana ta faɗa maka, don kai tun kana yaro ko kaza aka yanka sai ka yi zazzaɓi.

Bernard: Ina nan Samaru, Shika na bayan gidana, kina wuce ƙofata zuwa asibiti ba ki tsaya ba?

Mama: In tsaya in yi me? Ka ɗauki hannuna hoto? Saurara. Na aika wurin Callistus mai hoto, wanda ya ɗauke ni da babanku a gaban labulen nan mai zanen jirgin sama. An ce ya rufe shago ya koma sayar da katin waya, ku masu kyamarar aljihu kun kashe masa sana'a. Saura kai. Gobe da hantsi ka zo.

Bernard: Yanzu ma zan taho.

Mama: Gobe na ce, ba a goge kayan ba tukuna. Zan sa kayan Zumunta. Zan tsaya, ba zama ba. Littafi Mai Tsarki a hannun dama. Ni a tsakiya. Ɗankwali ya fito duka, kunne biyu, ƙafa biyu har takalmi. Haske ko'ina. Baki a rufe. Ina kallon mutum ido cikin ido, yadda duk wanda shinkafa kawai ta kawo shi zai ji kunya. Ka iya wannan, ko sai an kai ka makaranta?

Bernard: Na iya.

Mama: Madalla.

Bernard: Amma ba zan ɗauka ba.

Mama: Layin nan ya sake lalacewa. Na ji kamar ka ce ba za ka ɗauka ba.

Bernard: Haka na ce. Gobe zan zo, in kwana a wurinki, ran Alhamis ni zan kai ki. Amma kyamara tana gida. Ran da aka sallame ki kika tsaya da ƙafarki, zan ɗauke ki yadda kike so, har takalmi.

Mama: Idan kuma ban fito ba fa? Ka yi tunani da kanka mana. Me za ku ɗora a gaban akwatin?

Bernard: Na falona.

Mama: Auta!

Bernard: Shi zan ɗora. In buga shi a takardar sujada, gaba da baya. In sa a yi kalanda, a buga a jikin riguna da kofuna, a raba wa duk matan Zumunta. Fasto ma zan ba shi babba ya rataye a ofis.

Mama: Rhoda ba za ta bari ba.

Bernard: Rhoda ta riga ta roƙe ni kwafi biyu.

Mama: Ka ga 'ya'yan zamani! Kuka kake yi kuma? Ina jin hancinka. Kana yi mini rashin kunya kana kuka?

Bernard: Mura ce. Mama, katina ya kusa ƙarewa, sun yi mini gargaɗi.

Mama: Tsaya. Da gaske za ka tara mini Sabon Gari da Palladan su zo su ga cikin bakina?

Bernard: Har da mutanen Wusasa.

Mama: To shi ke nan. Ba zan mutu ba. Su yanka su ɗinke, ina nan zan tashi. Ka je ka ajiye kofunanka.

Bernard: Ki ce in Allah ya yarda, Mama.

Mama: Ai shi ma ya ga hoton. Zai yarda. Kuma idan za ka zo gobe, ka sauke abin nan daga bango ka juya fuskarsa, kar Lucia ta... Halo? Auta? Halo! Akunna, zo ki karɓi abinki, ya yi shiru.