Kwanon Ruwan Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Cadawa nake, amma ka sakaya sunana.

Mahaifiyata ta tsufa, ba ta iya riƙe fitsari, shi ya sa nake sayo mata pampas na manya daga Maradi. Da, leda guda kwana goma take yi. Tun ranar da ta ji kuɗinsa, ledar ta koma kai wata. Wai sauƙi ta samu. Ni ban yarda ba. Kwanon ruwanta a cike nake ɗauke shi, leɓɓanta duk sun bushe. Zargina, da gangan take zama da ƙishirwa don ta rage mini nauyi.

Jama'a, yaya zan yi? Inna, na san rediyonki na kunne. Don Allah ki sha ruwa.